Ofis, kamfani ko fadama: ina gumin matashi zai fi yi masa rana?

Makon jiya bayan sallar isha'i ɗan ƙanwata ya same ni a ƙofar gida. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya yi shiru irin na wanda magana ke cinsa. Da na ce ya faɗi abin da ke tafe da shi, sai ya ce, "Kawu, ƙofa uku ce ta buɗe mini lokaci guda, na rasa wadda zan shiga." Ya gama babbar difloma a fannin noma, ya yi hidimar ƙasa. An yi masa alkawarin aikin gwamnati a mataki na 8. Wani kamfanin casar shinkafa kuma yana neman wanda zai riƙa bin manoma yana sayo masa shanshera. Ga fadamar mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, a bakin gulbi kusa da Argungu, shekara huɗu ke nan ba a raba ta ba, kuma su tara ne magada.

Na yi shekara 35 ina malamin gona kafin in yi ritaya. Na ci albashin gwamnati, na kuma ga gonakin mutane ciki da bai. Abin da na gaya masa a daren nan shi zan shimfiɗa, don na san ba shi kaɗai ke tsaye a wannan mararraba ba.

Gidan kakansa na fara tuna masa. Duk wanda ya tashi a gidan noma ya san gandu, ya san gayauna. Gandu na maigida ne, kowa ya fita da safe ya yi aiki, hatsi ya shiga rumbu a ci tare. Gayauna kuwa ɗan yankin da ake yanka wa saurayi ne, ya noma da yamma ko ranar da aka ɗaga masa, abin da ya samu nasa ne, ya ɗinka riga ko ya tara na aure. Yaro ɗaya ne, fartanya ɗaya ce. A gandu sai an tashe shi, yana noma yana duban rana. A gayauna magariba ce ke koro shi gida, kashin awaki ma a kwando yake tsinta ya kai can. Ba wanda ya taɓa yi masa huɗuba a kan himma, ya dai san damin da ya ƙaru na wane ne.

Da wannan mudu nake auna kowane aiki. In ka ƙara ƙwazo aka sami ƙarin buhu, aljihun wa zai shiga, in kuma ka yi sakaci buhu ya ragu, wa zai ji a jikinsa? Sannan abin da ka gyara bana, kana da tabbacin kai za ka ci moriyarsa baɗi da baɗin baɗaɗa? Kada ma a ce halin Bahaushe ne. A 1978 wasu manoma 18 a wani ƙauye na lardin Anhui a ƙasar Sin suka dangwala yatsa a ɓoye, suka raba gonar gamayya gida-gida, kowa ya biya kason hukuma ya riƙe saura. Da tsarin ya bazu, hatsin ƙasar ya tashi daga kimanin tan miliyan 305 a 1978 zuwa kimanin miliyan 407 a 1984. An ƙara farashin da hukuma ke sayen hatsi a lokacin, wannan ya taimaka, amma babban abin da ya sauya shi ne rara ta koma hannun mai duƙawa.

To, aikin gwamnati. Abin da yake da shi wanda sauran biyun ba su da shi, tabbas ne. Damina ta yi gardama, gulbi ya cika ya batse, wata dai zai ƙare albashi ya shigo. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun watan Yulin 2024, Kebbi ta sa nata 75,000. Ma'aikacin da aka tabbatar da shi ba a korarsa da baki, sai an ba shi takardar tuhuma, ya amsa, kwamiti ya zauna. Yana nan har ya kai shekara 60 a duniya ko ya cika 35 yana aiki. Banki na ba shi rance don ya ga albashi, iyayen yarinya ma sun fi sakin fuska. Mai iyali da tsofaffi a wuyansa bai yi wauta ba in ya ce ƙwai a baki ya fi kaza a akurki.

Sai dai in ka ɗora shi a kan mudun nan za ka ga ramarsa. Daga mataki na 7 zuwa na 14, ƙa'ida ita ce a duba ƙarin girma duk shekara uku. Wanda ya zagaya ƙauye goma a mako da wanda ya sa hannu a rajista ya wuce kasuwa, rana ɗaya za a biya su, kuɗi ɗaya, kuma galibi tare za su hau mataki. Shekaruna na farko ina sayen mai da kuɗina in shiga ƙauyuka in nuna wa manoma tazarar dashe. Wani da ya girme ni a ofis ya tambaye ni wata rana, cikin raha, ko gonar babana ce. Na ji haushi a lokacin. Bayan shekara goma na tsinci kaina ina yi wa wani sabon ɗauka irin wannan tambayar, kuma har yau in na tuna sai in ji kunya. Na ga tarakta a harabar ofishinmu ta kwana biyu ta koma wata biyu ta koma shekara, saboda wani ƙarfe da bai kai girman tafin hannu ba, takardar sayensa tana yawo daga tebur zuwa tebur. A unguwarmu akwai mai tarakta tasa ta kansa. In ta lalace da la'asar, da tocila ake kwana gyaranta, don kowace safiya ta lokacin huɗa kuɗi ce.

Ba ina cewa ma'aikatan gwamnati malalata ba ne. Na san malaman makaranta da ma'aikatan jinya da suka ƙarar da ƙuruciyarsu suna aiki tsakani da Allah. Akwai kuma ayyukan da bai kamata a auna su da buhu ba, alƙalin da ake biya bisa yawan hukunci ai bala'i ne. Matsalar ita ce tsarin ya jingina kacokan a kan tsoron Allah na ma'aikaci, ba ya saka wa mai yi, ba ya cizon mai ƙi. Tabbas ɗin ma na adadin kuɗi ne kawai. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowane ɗan albashi ya gane cewa ko lambar ta ƙaru, mudun kasuwa ya tsere mata.

Aikin kamfani sabon abu ne a wajenmu. Kafin masana'antun casar shinkafa irin su Labana a Birnin Kebbi da WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, yaro mai takarda in bai sami gwamnati ba sai ya nufi Kaduna ko Legas. A kamfani akwai mai abu, kuma idonsa biyu. In injin ya tsaya shi ke asara, don haka ba a barin inji ya tsaya, ba a kuma barin ma'aikaci ya yi gyangyaɗi. Shekara biyu a irin wannan wuri za ta koya wa yaro abin da ofis ba zai koya masa a goma ba: gane shanshera mai laima da tafin hannu, riƙe lissafi, sanin lokacin da farashi ke faɗuwa da lokacin da yake tashi, da zuwa aiki a kan lokaci.

Amma a lura, in albashi ne tsayayye ake biyanka, har yanzu a gandu kake, maigidan ne kawai ba ya barci. Kana aiki tuƙuru don ana kallonka, ribar kuma ta wani ce. Shi ya sa na ce ya koma ya tambaye su abu ɗaya kafin komai: akwai kamasho a kan kowane tan da ya sayo, ko babu? In akwai, an yanka masa gayauna a cikin gandun. Na kuma ce ya nemi takarda. Dokar ƙwadago ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata uku su wuce. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8 cikin 100, mai aiki ya zuba 10, ya tambaya ko ana zubawa. Ya kuma sani cewa dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Kamfani kuma yana mutuwa. Mutanen Gusau da suka yi aiki a masaƙa sun san wannan, haka masu casar shinkafa sun ji jiki bayan da aka ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na wani lokaci a 2024.

Wani abu da ake yawan ruɗewa a kai: ba sunan "mai zaman kansa" ke kawo aiki ba. Kafin 2001 layukan wayar ƙasar nan duka ba su kai rabin miliyan ba, da aka ba kamfanoni lasisi suka shiga gasa, yau mai tallan albasa a Aliero da waya yake ciniki. Wutar lantarki ma an sayar da kamfanonin rarraba ta a watan Nuwamban 2013, amma mai gida ba shi da zaɓin barin wannan ya koma wancan, kuma kowa ya san inda aka kwana. Mai abu yana zage damtse ne in ya san abokin ciniki zai iya juya masa baya.

Fadama ce ta fi cin lokacinmu a hirar, don kalmar "noma" tana ɓoye abubuwa da yawa. Mutum biyar za su ce maka suna noman shinkafa, kowa da irin riƙon da ya yi wa gonar, kuma in ka zagaya fangulansu za ka iya faɗin wane ne wane ba tare da an gaya maka ba.

A ɗauka, don misali, cire ciyawa zagaye na biyu a kan lokaci zai ƙara buhu huɗu. Mai gona ya sami huɗun duka. Mai noma mu raba ya sami biyu. Ɗan ƙwadagon yini bai sami ko tiya ba, ladansa ɗaya ne ko ya tumɓuke ciyawar ko ya tattake ta cikin laka. Wannan ba mugunta ba ce, lissafi ne da kowa ke yi ko bai je makaranta ba. Shi ya sa masu gona suka ƙirƙiro jinga, a yi ciniki a kan aikin duka. Jinga tana kawo sauri, har ta wuce kima. Ka ba da jingar dashe ka tafi, ka dawo ka tarar an gama kafin azahar, an watsa iri tazara barkatai, rabi yana yawo a kan ruwa. Jinga ta dace da aikin da ake iya ƙirgawa a gani da ido, kamar yanka da bugu da ɗaukar buhu. Dashe da zuba taki da feshi kuwa, ko dai ka tsaya a kai, ko ka ba wanda yake da rabo a amfanin.

Noma mu raba tsohon tsari ne, Manzon Allah (SAW) ya bar mutanen Khaibara suna aikin gonakin a kan rabin amfani. Inda yake lalacewa a wajenmu shi ne a kan taki. In mai aiki ne zai sayi taki shi kaɗai alhali rabin amfani zai samu, zai rage hannu, kuma ba za ka ga laifinsa ba. Maganin shi ne yadda za a raba amfani, haka a raba kuɗin taki da mai.

Haya ta fi wannan kaifi, don bayan ka biya mai gona duk abin da ya fito naka ne. A mudun nan ta ci tambayar farko, amma ta gaza a ta biyu, wato tabbacin cin moriya baɗi. Mai hayar shekara ɗaya ba zai baje tudu ba, ba zai haƙa rijiyar ban ruwa ba, ba zai kai takin gargajiya da sai baɗi zai nuna kansa ba. Zai ɗura yuriya ya tatse ƙasar ya tafi. In ma ya gyara, mai gona ya ga shinkafa ta yi kyau, baɗi sai ya ƙara kuɗi ko ya ce ɗansa zai noma. Duk mai shiga haya ya nemi shekara uku aƙalla, a rubuta, dagaci da shaidu su sa hannu. Jingina ma haka take, ranar da mai gona ya kawo kuɗinka ka tashi. Aro kuwa, zanen aro ba ya rufe katara.

Wanda ya fi duka cin rai shi ne wanda yaron nan yake ciki, gadon da ba a raba ba. A ido gonarsu ce, a aiki ba ta kowa ba ce. In ya zuba kuɗinsa ya haƙa rijiya ya sayi inji, ranar yanka mutum tara ne ke da baki. In ya ce zai fara cire abin da ya kashe, a ce ya cinye gonar marayu. In ya riƙe ta shekara biyar, ƙannensa mata da ke gidajen aure su fara jin cewa an danne musu haƙƙi, kuma sau da yawa gaskiya ne. Ƙarshenta kowa ya janye hannu. Na sha ganin fadama mai kyau ta cika da ciyawa a tsakiyar gonaki kore shar, in ka tambaya a ce ta magada ce. Jinkirta rabon gado da sunan zumunci ya raba 'yan'uwa fiye da yadda rabon ya taɓa yi.

Ya tambaye ni, "To Kawu, in an raba ta zama tawa ke nan har abada?" Na ce a shari'a wanda ya raya matacciyar ƙasa tasa ce, Malam Abdullahi na Gwandu ma ya yi rubutu a kan hukuncin filaye. A dokar ƙasa kuwa, tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 filayen jiha amana ce a hannun gwamna, abin da mutum ke riƙe da shi haƙƙin zama da amfani ne. A karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar wannan haƙƙi. Gwamnati na iya karɓa don amfanin jama'a, diyyar kuma ta amfanin gona ce da abin da ka gina ko ka dasa, ba ta ƙasar kanta ba. Duk da haka takarda ta fi babu nesa ba kusa ba, ita ce hujjarka a kotu, ita banki ke tambaya.

Maƙwabtanmu na Talata Mafara sun ga abin da rashin tabbas ke yi. Da aka gina madatsar ruwa ta Bakolori a ƙarshen shekarun 1970, an karɓi gonaki aka baje su aka sake rabawa, mutane suka rasa damuna da itatuwansu, rigimar diyya ta kai ga zubar da jini a watan Afrilun 1980. An shimfiɗa ban ruwa na kimanin hekta 23,000, amma babban ɓangaren da aka yi wa na'urorin feshin ruwa bai daɗe ba ya tsaya, magudanai suka cika da yashi, don na hukuma ne, kowa na jiran wani ya yashe. Sai ka dubi ɗan injin ban ruwa da ya bazu a fadamunmu tun shirin Fadama na farkon shekarun 1990. Ba injiniya, ba ofis, amma mai shi yana goge shi, yana canja masa baƙin mai, da dare ya ɗauke shi a babur ya kai ɗaki. Rancen manoma na Anchor Borrowers da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a nan Kebbi a watan Nuwamban 2015 ya nuna fuska biyun a wuri guda: ya bunƙasa noman rani, amma da yawa sun ɗauke shi rabonsu ne na gwamnati, biyan bashin ya zama abin da aka yi ta ja.

Kada in yi wa fadama kwalliyar da ba tata ba. Wanda buhun ƙarshe nasa ne, asarar ƙarshe ma tasa ce. Ambaliyar 2020 ta shafe shinkafar mutane a Kebbi ana dab da yanka, ba wanda ya biya su albashin wannan watan. Kuɗin man inji kaɗai na iya cinye ribar rani, shi ya sa masu hali ke komawa na hasken rana. A wasu yankunan Zamfara da ƙasar Zuru kuwa, inda 'yan bindiga ke sa wa manoma haraji kafin su shuka ko su girbe, maganar mallaka ta zama a baki kawai, mutum ba zai zuba taki a gonar da bai san ko zai taka ta ranar girbi ba. Wanda gonarsa ke irin wannan wuri, shawarata gare shi daban ce: ya kama albashi duk inda ya samu.

Akwai hanya ta huɗu da mutanenmu suka daɗe suna bi. Tsarin mulki ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci, amma ya keɓe noma. Don haka haɗa ofis da gona halal ne a doka, kuma albashi kan zama jarin taki. Inda ake tuntuɓe shi ne shinkafar rani ba ta san Asabar da Lahadi ba, kwana uku ba ruwa ta nuna maka. Ma'aikacin da aka tura nesa ya bar 'yan yini a gona yana aiko kuɗi ta waya, ya mai da gonarsa ofishin gwamnati ke nan, shi ne kuma baitulmalin. Irin wannan gara ya ba da haya, ko ya yi noma mu raba da mutum ɗaya da ya yarda da shi, ya bar masa gonar shekaru a jere.

Ga abin da na yanke masa. Aikin gwamnatin alkawari ne, ba takarda ba, kada ya zauna jiransa. In ya fito kuma aka ajiye shi kusa da gida, ya karɓa ya haɗa da gona. Yanzu dai ya kama aikin kamfanin, in da kamasho, ya yi shekara biyu yana tara kuɗin inji yana sanin manoma da dillalai. Shi ba mai iyali ba ne, yana da ƙarfi, ya karanta noma, don haka inda zai ƙare fadama ce, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Amma na gargaɗe shi kada ya kashe ko sisi a gonar nan sai an raba ta, an ba mata nasu, an kafa iyaka, an rubuta. In 'yan'uwan da ba sa noma sun yarda, ya karɓi kasonsu haya a kan farashin gari, su ma a rubuce.

Shekaranjiya ya kira ni. Yayyensa sun amince a kira malami da dagaci bayan an yanke ta damina. Babbar yayarsu ce ma ta fi kowa murna, ashe ta daɗe tana son maganar ta rasa ta inda za ta fara. Saura magana ɗaya ba a daidaita ba, bishiyar mangwaro biyu da marigayi ya dasa a bakin hanya, kowa na so su faɗo a kasonsa. An ce in zo ranar in tsaya a kai.